Bashi, Rijiya Da Layin Lamba: Abin Da Ke Ƙasa Da Sifili

Akwai wata magana da kusan kowannenmu ya haddace tun a firamare, wato ba a ɗebe babbar lamba daga ƙarama. In malami ya ce uku a ɗebe biyar, sai aji ya amsa baki ɗaya cewa ba ta yiwuwa. Shekara shida ana tafiya a haka. Sai kuma ka shiga aji ɗaya na sakandare, rana tsaka malamin Lissafi ya rubuta 3 − 5 = −2 a allo, ya ja dogon layi da sifili a tsakiyarsa, ya ce daga yau akwai lambobin da ke ƙasa da sifili. Da yawa daga abokaina da suka tsani Lissafi, in ka bi diddigi za ka tarar a wannan makon suka raba gari da shi.

Ni ɗalibi ne a aji biyu na jami'a, kuma Lissafi nake karantawa. A ƙaramar hukumar Faskari aka haife ni, mahaifiyata mutuniyar Ƙanƙara ce, muna kuma da dangi a Sabuwa. Duk hutu in na dawo gida nakan tara yaran unguwarmu a zaure bayan la'asar mu yi bitar Lissafi. Abin da na gani a wannan zauren ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Me ya sa abin ya dame ni

Ku da kuke waɗannan garuruwa kun san abin da karatunmu ya gani. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantun ƙasar nan saboda cutar korona, aka shafe watanni a gida. Ba a daɗe da komawa ba, ran 11 ga Disamba na wannan shekarar, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara. An sako su bayan kwana shida, amma an rufe makarantun kwana a jihar. A watan Satumba na 2021 kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Ban da waɗannan, akwai iyalan da suka bar ƙauyukansu suka koma gari wurin 'yan uwa, yaro ya yi zango ɗaya ko biyu bai ga allo ba.

Yaran da ke firamare a wancan lokacin su ne ke sakandare yanzu. Shi kuwa Lissafi kamar ginin tubali yake, in aka bar rami a ƙasa, duk abin da aka ɗora a kai sai ya karkace. Wanda bai gane −2 a aji ɗaya ba, in ya zo aljabara aka ce x + 7 = 3, nan zai tsaya, domin amsar −4 ce. Daga nan sai zanen giraf ya gagare shi, sai Fizis da Kemistiri su bi baya. Ga jarrabawar kammala aji uku tana jira, ga WAEC da NECO, kuma kun san yawancin kwasa-kwasan jami'a ba sa karɓar wanda ba shi da kiredit a Lissafi. Ashe ke nan wannan ɗan gajeren zanen da ake sa wa lamba a gaba yana iya tsaya wa mutum a hanyar zama likita ko injiniya.

Abin da nake son nuna muku shi ne, tun kafin malami ya rubuta su a allo kun san waɗannan lambobin. A gida kuka san su, sunan ne kawai daban.

Bangon ɗakin Inna

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ba ta yi boko ba, amma ban taɓa ganin lissafinta ya ɓace ba. A bayan ƙofar ɗakinta, jikin bangon laka, take ajiye littafinta. In ta karɓi gyaɗa bashi ranar kasuwa, sai ta ja zane da gawayi, kowane zane naira ɗari. In kuwa maƙwabta suka karɓi mai ko ƙuli ba su biya ba, sai ta ja nasu zanen da farar ƙasa, irin wadda ake haƙowa a Ƙanƙara. Baƙi, abin da ake bin ta. Fari, abin da take bi.

Tun ina firamare ni ke ƙirga mata. In na ce fari biyar ne, baƙi takwas, ba ta ko ɗaga kai daga tuyar ƙuli, sai ta ce, "To, saura uku a kaina." Ku duba da kyau abin da ta yi. Ta haɗa kowane fari ɗaya da baƙi ɗaya suka kashe juna, baƙi uku suka rage. Abin da littafin makaranta zai rubuta 5 − 8 = −3 ke nan. Da na shiga sakandare malami ya kawo darasin, bangon nan na tuna, sai na ga ashe alamar mainos gawayin Inna ce, alamar fulos kuma farar ƙasarta.

Ku ma kuna da naku bangon. Mai shagon unguwarku yana da littafin bashi. Manomin Sabuwa da ya karɓi taki da damina a kan zai biya buhu huɗu na masara da kaka, tun kafin ya shuka ko ƙwaya ɗaya yana kan −4. In ya sami buhu 15, nasa 11 ne. Wanda ya ranci katin naira 200 a waya, ya zo ya sa na 500, ya ga 300 ta rage, ba ya zuwa wurin kowa a yi masa bayani, ya san −200 + 500 = 300 ko da bai taɓa rubuta shi ba.

Wanne ya fi girma?

Tambayar farko da nake yi wa duk sabon yaro a zaure ita ce, tsakanin −2 da −7 wanne ya fi girma? Mafi yawansu −7 suke cewa, saboda ido ya saba bakwai ta fi biyu. Ba na musu da su, sai mu tashi mu je bakin rijiyar da ke bayan gidanmu.

Mu ɗauki bakin rijiya a matsayin sifili. Duk abin da ke sama da shi fulos ne, abin da ke ƙasa mainos. Akwai bishiyar darbejiya, wadda mu nan muke kira bedi, da reshenta ya miƙo saman rijiyar kamar gaba uku, to reshen yana kan +3. Da bazara sai an zura igiya gaba bakwai kafin guga ya taɓa ruwa, ruwan yana kan −7. Da damina kuwa gaba biyu ta isa, ruwan ya hau zuwa −2. Sai in tambaye su, yaushe ruwan ya fi zama a sama? Ba wanda ya taɓa faɗuwa wannan. To, −2 tana sama da −7, don haka ita ce babba. Haka in ka koma bashi: wanda ake bi naira 200 ya fi wanda ake bi 700 sauƙin hali.

Daga nan sauran tambayoyi kan zo da sauƙi. Gaba nawa ruwan ya hau daga bazara zuwa damina? Daga −7 zuwa −2, gaba biyar. Tsuntsun da ke kan reshe, gaba nawa ke tsakaninsa da ruwan bazara? Uku zuwa bakin rijiya, bakwai zuwa ruwa, goma ke nan.

Layin lamba ba komai ba ne illa wannan rijiyar da aka kwantar. Sama ya koma dama, ƙasa ta koma hagu. Ƙa'ida guda ce ke riƙe da shi: duk lambar da ke dama ta fi wadda ke hagunta girma. Saboda haka sifili ya fi −100, kuma −1 ita ce babba a duk cikakkun lambobin da ke ƙasa da sifili.

Sifili ba "babu" kaɗai yake nufi ba

A firamare sifili na nufin babu komai. A layin lamba kuwa yana da aiki na biyu, shi ne wurin da aka yarda a fara ƙirga. Ku ɗauki hanyar da ta tashi daga Funtuwa ta bi ta Sheme da 'Yankara ta shiga Tsafe zuwa Gusau. A ce mun tsaya a mararrabar Sheme mun kira ta sifili, wajen Funtuwa fulos, wajen Gusau mainos. Mota ɗaya ta yi kilomita 10 wajen Funtuwa, tana kan +10. Wata ta yi kilomita 10 wajen 'Yankara, tana kan −10. Tafiyar da suka yi daidai take, man da suka ƙona kusan ɗaya ne. Lambar tana faɗin nisa daga sifili, alamar kuma tana faɗin ɓangare. Tsakanin motocin biyu akwai kilomita 20. In da a Funtuwa muka sa sifilinmu, lambobin duka za su canza, amma kilomita 20 ɗin nan tana nan yadda take.

Haka ma'aunin zafi. Digiri sifili a ma'aunin Salshiyos ba ya nufin babu zafi ko kaɗan, wuri ne da ruwa ke daskarewa ya zama ƙanƙara. Garin Ƙanƙara dai sunan kawai ya ɗauka, ko a tsakiyar hunturu sanyinmu ba ya sauka ƙasa da sifili. Amma firizar mai sayar da ƙanƙara tana iya kaiwa −18, kuma a 1983 an auna −89.2 a tashar bincike ta Vostok da ke nahiyar Antatika. Masu auna tsayin ƙasa su kuma saman teku ne sifilinsu, shi ya sa ake cewa Tafkin Assal na ƙasar Jibuti yana kan mita −155, wuri mafi gangare a Afirka.

Akwai ma wani layin da muka sani tun a Islamiyya. Ku sa Hijira a sifili. An haifi Annabi (SAW) shekara 53 kafin Hijira, wato −53. An aiko shi shekara 13 kafin Hijira, −13. Ya yi shekara goma a Madina, +10. Daga −53 zuwa −13 akwai 40, shekarunsa lokacin da aka aiko shi. Daga −13 zuwa +10 akwai 23, tsawon lokacin saukar wahayi. Daga −53 zuwa +10 kuwa 63 ne. Duk amsoshin nan kun riga kun san su, layin ya nuna muku yadda suka haɗu ne kawai.

A sauko ƙasa a taka

Ba na yarda yaro ya fara da takarda. Tsinke muke samu mu ja layi a ƙasa kamar za a yi 'yar gala-gala, mu sa dutse a tsakiya, mu rubuta 1 zuwa 10 a dama, −1 zuwa −10 a hagu, taku ɗaya tsakanin kowace lamba da 'yar uwarta. Sai mutum ya hau layin da ƙafarsa. Dokokin wasan uku ne. Ka tsaya a kan lambar farko. Alamar aiki ita ke faɗa maka inda za ka fuskanta: in tarawa ce ka fuskanci dama, in ɗebewa ce ka fuskanci hagu. Alamar da ke manne da lamba ta biyu ita ke faɗa maka irin tafiyar: in fulos ce ko babu alama ka yi gaba, in mainos ce ka ja da baya.

Mu gwada 3 − 5. Ka tsaya a 3, ka fuskanci hagu, ka yi taku biyar gaba: 2, 1, 0, −1, −2. Ga amsar da aka ce ba ta yiwuwa. Sai −4 + 6. Ka tsaya a −4, ka fuskanci dama, taku shida gaba, ka sauka a 2. Sai 4 + (−6). Ka tsaya a 4, ka fuskanci dama, amma ka ja da baya taku shida, ka sauka a −2. Ku lura da 4 − 6 ma a nan take sauka, domin ƙara wa mutum bashi daidai yake da rage masa kuɗi.

A kula da abu biyu wajen ƙirga. Taku ake ƙirgawa, ba a ƙirga wurin da aka tsaya tun farko. Kuma ba a tsallake sifili, shi ma mazauni ne a kan layin. Daga −3 zuwa 4 taku bakwai ne, duk wanda ya sami shida ko takwas, ɗaya daga cikin biyun nan ne ya kama shi.

Maganar "mainos da mainos fulos"

Wannan jimlar ta fi kowace kayar da ɗalibai, ba don ƙarya ce ba, sai don ana haddace ta ba a san inda take aiki ba. Yaro ya ga −3 − 4, ya hango mainos biyu, sai ya rubuta +7. Ku kai shi bango: ana bin ka naira uku, ka ƙara cin bashin huɗu, yaushe ka zama mai naira bakwai? A kan layi ma, ka tsaya a −3, ka fuskanci hagu, ka yi taku huɗu gaba, a −7 za ka sauka.

Wurin da jimlar ke aiki biyu ne. Na farko, in alamun biyu sun haɗu kai da kai, kamar 3 − (−2). Ka tsaya a 3, ɗebewa ta sa ka fuskanci hagu, mainos ta sa ka ja da baya taku biyu. Wanda ya fuskanci hagu yana ja da baya ai dama yake tafiya, sai ka gan ka a 5. Da harshen kuɗi kuma, kana da naira 1,000 a aljihu, mai shayi yana bin ka 300, to naka na gaskiya 700 ne. Ran nan ya ce ya yafe. Ba wanda ya ba ka ko sisi, amma naka ya koma 1,000. An ɗebe maka bashi, wato 700 − (−300) = 1,000.

Na biyu shi ne wajen ninkawa da rabawa. A ce randa ta tsage, kowace awa ruwa yana raguwa kofi biyu, wato −2. Nan da awa uku, ruwan zai gaza na yanzu da kofi shida: 3 × (−2) = −6. To awa uku da suka wuce fa? Lokacin da ya wuce mainos ne, −3. A lokacin ruwan ya fi na yanzu da kofi shida. Saboda haka (−3) × (−2) = +6. Wanda bai gamsu ba ya jera su ya gani: 3 × (−2) = −6, sai 2 × (−2) = −4, sai 1 × (−2) = −2, sai 0 × (−2) = 0. Kowane mataki amsar tana ƙaruwa da biyu. Mataki na gaba, (−1) × (−2), ba shi da inda zai sauka sai +2.

Manyan masana ma sun daɗe suna kai-kawo

In abin ya yi maka nauyi a makon farko, kada ka ɗauka ƙwaƙwalwarka ce ba ta ja. Duniya ta ɗauki ɗaruruwan shekaru kafin ta amince da waɗannan lambobin. A ƙasar Sin, kimanin shekara 2,000 da suka wuce, akwai wani littafin lissafi mai babi tara da ya yi aiki da su. Liu Hui, wanda ya yi wa littafin sharhi a shekarar 263, ya bayyana cewa da 'yan sanduna ake ƙirga, jajaye na fulos, baƙaƙe na mainos. Da na karanta wannan a jami'a sai da na yi murmushi, domin launi biyu ne, kamar na bangon Inna.

A Indiya, Brahmagupta ya rubuta ƙa'idojinsu a shekarar 628, kuma da sunan dukiya da bashi ya kira su. A Bagadaza, a ƙarni na 10, Abul Wafa al-Buzjani ya rubuta littafin lissafi don magatakarda da 'yan kasuwa, shi ma bashi ya kira irin wannan lambar. Turai ce ta makara. A 1545 Cardano na Italiya yana samun su a amsoshinsa amma yana kiran su lambobin bogi. Sai a 1685 John Wallis na Ingila ya yi bayaninsu a kan layi, da misalin mutumin da ya yi tafiyar yadi biyar gaba sannan ya dawo yadi takwas baya, ya tsinci kansa yadi uku a bayan inda ya tashi. Wasan da muke yi a ƙofar zaure ke nan.

Kada kuma wani ya ce muku Lissafi ba gadonmu ba ne. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Katsinawi, malami daga ƙasar Katsina, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan yadda ake jera lambobi a gidajen hatimi ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya. A Alƙahira ya rasu a 1741, kuma har yau masu tarihin Lissafi suna ambatonsa.

Inda za ku sake haɗuwa da su

Masu kallon ƙwallo a gidan kallo kullum suna tare da su. A kakar 2007/2008 ta gasar Firimiyar Ingila, Derby County ta ci ƙwallo 20, aka zura mata 89, bambancin ƙwallayenta ya zama −69. In ƙungiya biyu suka yi kunnen doki a maki, mai −2 ce ke hawa kan mai −7 a teburi, kuma ban taɓa jin wanda ya yi gardama a kan haka a gidan kallo ba. A kakar 2008/2009 an zaftare wa Luton Town maki 30 tun kafin a fara wasa, wato sai ta ci wasa goma kafin ta iso sifili.

A Fizis za ku tarar da fulos da mainos a kan batir da cajin lantarki. A Kemistiri gishirin miyarmu ma haɗin mai cajin fulos ne da mai cajin mainos. A darasin Tattalin Arziki za ku ji cewa a rubu'i na biyu na 2020, lokacin kullen korona, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce bunƙasar arzikin Najeriya ta kasance kashi −6.1 cikin ɗari, ma'ana baya aka ci. Mai duba ido yana rubuta mainos a takardar tabarau, akanta yana rubuta ta a asusun da aka yi asara.

Ga wanda aka bari a baya

Akwai wata 'yar ƙanwar babana da iyayenta suka taso daga wani ƙauye a yankin Sabuwa suka zauna kusa da mu. Shekararta 13, ta rasa kusan shekara guda ta karatu, aka sa ta aji biyu saboda shekarunta, alhali a aji ɗaya ake koyar da layin lamba. Takan yi tallar awara da yamma, kuma ta san wanda ya ci bashin naira 50 tun makon jiya ba tare da ta rubuta ba, amma da ta ga mainos a takarda sai jikinta ya yi sanyi. Gwajin farko da na yi musu mai tambaya 20, biyu ta ci. Muka yi mako uku muna taka layi, muna zuwa bakin rijiya, muna mai da kowace tambaya ta zama cinikin awara. Gwaji na biyu ta ci takwas. Da na miƙa mata takardar sai ta fashe da kuka, ta ce, "Yaya, ai har yanzu faɗuwa na yi, goma ce ci."

Sai na ce ta tashi ta hau layin. Muka mai da makin ci, wato goma, ya zama sifili. Na tambaye ta ina take a gwajin farko, ta lissafa ta je ta tsaya a −8. Na ce yanzu fa? Ta tako zuwa −2. Na ce taku nawa kika yi? Ta ce shida. Saura nawa? Ta ce biyu. A ranar ba wanda ya yi tafiyar da ta kai tata a zauren, har da wanda ya tashi daga 15 ya koma 18.

Na kawo labarinta ne saboda na san akwai irinta da yawa cikin masu karanta wannan shafin. Katin sakamako yana nuna inda kake ne kawai, ba ya nuna inda ka taso. In rufe makaranta ko gudun hijira ya sa ka fara daga ƙasa, ba laifinka ba ne, amma takun naka ne, ba mai yi maka. Ka nemi littafin Lissafi na aji ɗaya ko da kana aji biyar, ba abin kunya ba ne. Ka sami malaminka bayan an tashi, ko wani yaya a unguwa, ka ce a nan aka wuce ka. Ku kuma da kuka gane, ku ja layi a ƙofar gida ku koya wa na ƙasa da ku, tsinke da dutse kawai ake buƙata.

Aikin wannan makon

Ga tambayoyi biyar. Kada ku taɓa kalkuleta, ku zana layi ko ku taka shi.

1. Ku jera waɗannan daga ƙarama zuwa babba: 3, −6, 0, −1, 5, −9.
2. Ruwan rijiya yana kan gaba −9, aka yi ruwan sama ya hau gaba huɗu. Ina yake yanzu?
3. Mai shago yana bin Inna naira 600. Ta biya 250, ta sake karɓar kayan 400. A rubuta matsayinta da alama.
4. Nawa ne −5 − (−8)?
5. Ƙungiya ta ci ƙwallo 14, an zura mata 23. Ƙwallo nawa za ta ci, ba tare da an ƙara zura mata ba, kafin bambancinta ya kai +1?

Bayan kun gama, ku duba nan. Ta ɗaya: −9, −6, −1, 0, 3, 5. Ta biyu: −5. Ta uku: −750. Ta huɗu: 3. Ta biyar: goma. Duk wadda ba ta yi daidai ba, ku koma kan layi ku gano a wane taku ƙafa ta kauce, sannan ku ƙirƙiro irinta guda uku da kanku, ku ba abokin zamanku a aji ya gwada. Allah ya ba mu zaman lafiya a garuruwanmu, ya buɗa mana ƙwaƙwalwa, ya sa mu ci jarrabawa. Amin.